Takardar Likita da Turmin Mama Terna

Tun da na dawo daga Abuja ba a bar ni na huta ba. In na zauna a majalisarmu ta ƙofar shagon masu gyaran injin ban ruwa, sai wani ya ce, "Malam Umaru, wai da gaske ne ka shiga har kicin ɗin mutane kana leƙa tukwane?" In an idar da salla, wani ya riƙe mini hannu yana dariya tun kafin ya yi tambayar. Ga shi Alhaji Modu, wanda muka yi tafiyar tare, ya riga ni bayar da labarin, ya ƙara masa gishiri har ni kaina ban gane shi ba. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta yadda abin ya faru. Karatuna bai wuce firamare ba, amma abin da na gani da idona zan iya faɗarsa.

Sai na fara da ciwon, don shi ne tushen komai. Shekara biyu ina fama da ciki: kumburi, murɗawa, gudawa, ga ƙaiƙayi a wuya da hannuwa. Na sha sassaƙe, na sha na kemis, babu sauƙi. Da na je asibiti aka yi gwaje-gwaje, ba a ga komai ba. Likitan ya ce yana zargin wani abu ne a cikin abincina jikina ba ya so. Ya ɗauki takarda ya rubuta abu shida: alkama, gyaɗa, nono, ƙwai, wake, da dunƙulen miya. Ya ce nono ya haɗa da madara da man shanu, wake ya haɗa da waken suya da daddawar kasuwa. In bar su duka kwana arba'in da biyu, sannan a riƙa dawo da su ɗaya bayan ɗaya, a ga wanda zai tayar da ciwon.

"Amma ka ji da kyau," in ji shi. "In ka ci ko loma ɗaya a tsakani, mun koma ranar farko."

Abin da ya tsaya mini a rai shi ne sunan da ke saman takardar, wato alkama. Ni manomin alkama ne. Fadamar da nake nomawa a bakin kogin Haɗeja ta mahaifina ce, shi ma alkama ya noma a cikinta. Kuma na lura ƙaiƙayin nan ya fi tsananta lokacin sussuka. Na tambayi likita, in alkamar ce, zan iya ci gaba da nomanta? Ya ce sai mun gani. Na ƙirga kwanakin a yatsa har sau uku. In ban karya ba, zan san amsa kafin tsakiyar Nuwamba, daidai lokacin shuka. In na karya, amsar za ta zo bayan lokaci ya wuce, ga iri a ɗaki, ban san ko in watsa ko in bari ba.

Uwargidana Habi ta riƙe mini abin da kyau. Tuwon gero, tuwon shinkafa, miyar kuka ko kuɓewa, kifi, gishiri da barkono, babu mai ko ɗigo. Man gyaɗa an hana, man shanu an hana, manja kuwa ni na hana kaina tun da na ji ana cewa wasu na zuba masa kala. A mako na uku cikina ya kwanta. Ina cikin jin daɗi ƙungiyarmu ta manoma ta ce ni da Alhaji Modu za mu wakilce ta a taron manoman alkama na kwana huɗu a Abuja. Ranar tafiya ta faɗo a kwana na talatin da biyar.

Na ce a tura wani. Aka ce ni nake riƙe da bayanin yadda iri ya makara bara, ni zan faɗa. Na kira likita, ya ce, "Je ka. Duk inda za ka ci abinci ka tambaya. Kada ka ji kunya." Faɗa da baki ba wuya.

Alhaji Modu mutumin Birniwa ne, Babarbare, ni kuma mahaifiyata Bafillatana ce, don haka tun muna samari bai taɓa kirana da sunana ba. Da muka haɗu a tasha bayan sallar asuba ya ga jakata, sai ya ce, "Fillo, hijira za ka yi? Ina ka baro shanun?" A cikin jakar Habi ta sa mini dafaffen dankalin Hausa mai yawa, da dabino, da bandar tarwaɗa guda goma, da ƙulle-ƙullen kuka, busasshiyar kuɓewa, gishiri da kanwa. Kowane ƙulli na rubuta sunansa na liƙa. Takardar likita kuwa tana aljihun gaba, cikin leda.

A Gujungu mota ta tsaya ɗaukar fasinja, masu talla suka rufe tagogi. Ƙosai, awara, dafaffen ƙwai, fura da nono, tsire ya sha ƙuli. Na duba na ga duk abin da ke takardata an jera mini shi a faranti. Alhaji Modu ya sayi fura, ya riƙa sha yana lumshe ido.

"Bafillatanin da aka hana nono," in ji shi. "Ai wannan hukunci ne, ba magani ba."

Na ci gaba da cin dankalina.

A Kano muka sauya mota. Bayan mun fita daga jihar, a wani shinge, jami'in tsaro ya ce a buɗe but, ya ɗago jakata ya ce ta wane ne. Na ce tawa ce. Ya kwance ƙulli ɗaya, ga gari kore. Ya kwance wani, ga fari. Ya dube ni. Na ce, "Kuka ce, ranka ya daɗe, ga sunan a rubuce." Ya shinshina, ya yi atishawa. Na miƙa masa takardar likita. Ya karanta a hankali, ya sake karantawa, sannan ya ce, "Baba, to me ya rage?" Ya ɗaure mini ƙullin da kansa, ya ce Allah ya ba da lafiya.

A Tafa direba ya tsaya a ci abinci, a nan na fara gwada shawarar likita. Na je wurin wata mai tuwo, dattijuwa, na gaishe ta da kyau, na ce, "Iya, don Allah me da me kika zuba a miyar nan?"

Ta ajiye ludayi. "Me na zuba? Shekara ashirin ina tuwo a bakin hanyar nan, ba wanda ya taɓa yi mini wannan tambaya. Zargina kake na sa maka wani abu?"

Mutanen da ke kan benci suka juyo. Na fara bayani, bakina yana harɗewa. Gaskiyarta ce. A wurinmu ba a tambayar mace abin da ke tukunyarta, in ka tambaya kamar ka ce tana nufinka da sammu ne. Na ba ta haƙuri, na sayi malmala biyu don in wanke laifina, Alhaji Modu ya cinye.

Mun shiga Abuja kafin magariba. Masaukin da aka ba mu otal ne mai hawa huɗu. Ƙofar ɗaki ba ta da makulli, kati ake kangawa, kuma sai ka soka katin a bango wuta take kamawa. Na yi ta danna maɓalli cikin duhu har wani ma'aikaci ya zo ya nuna mini. Dankalina na bar shi cikin jaka, na ɗaure bakin ledar da kyau don kada ƙwaro ya shiga. Da safe na kwance, tsami ya bugi hancina. Ya yi yauƙi gaba ɗaya. Abincin kwana huɗu ke nan na zubar a ranar farko. Sai ranar da za mu tafi na buɗe wata ƙaramar durowa a ƙarƙashin talabijin, na tarar ashe firji ne, yana ta sanyinsa shi kaɗai.

A wurin taro kuwa an shirya mana karramawa. Dogon tebur cike da burodi, kek, biskit, cincin, fanke, duk wai daga alkamar da aka noma a ƙasar nan. Wani babba ya yanki burodi ya ce wannan daga alkamar Jigawa yake, wa ya zo daga Haɗeja? Alhaji Modu ya tura ni gaba. Aka danƙa mini yanka na farko, masu hoto suka taso. Na riƙe shi kusa da baki, ina murmushi, leɓuna a rufe gam. Da aka juya sai na cusa shi a aljihu, aljihun da takardar likita take. Na wuni ina kakkaɓe ɓurɓushi.

Abincin rana shinkafa ce kala biyu a manyan kuloli. Na tambayi masu rabawa da wane mai aka dafa, suka ce su ba su sani ba, daga wani wuri ake kawowa a mota. Wannan ne abin da ya fi ba ni mamaki a birnin nan. A Haɗeja mai abinci tana zaune a bayan tukunyarta, kana ganin hannunta. A can kana ganin faranti mai ƙyalli, amma mai girkin kamar aljani, ba a ganinsa.

Da yamma Alhaji Modu ya ce mu je babban gidan abinci, irin mai gilashi, ai masu kuɗi sun fi kowa ciwon ciki, dole an san da irina. Muka shiga, sanyi kamar cikin randa. Wata budurwa mai ɗamara ta kawo mana littafin abinci. Ba ta jin Hausa, Alhaji Modu ya yi tafinta da Turancinsa na kasuwa, rabi da hannu. Ta karɓi takardata ta shiga ciki. Ina zaune ina tunanin in ta ɓatar da ita fa, ko miya ta zube a kai. Ta daɗe ta dawo. Kazar tun jiya aka jiƙa ta cikin kayan haɗi. Kifin a gari ake birkima shi kafin a soya. Ganyen da ake ci ɗanye an kwaɓa shi da wani farin abu mai ƙwai. Na ce to farar shinkafa fa? Ta sake komawa. Ana jefa bota, wato man shanun kanti, a ruwan dafuwa. Na ce ko mai girkin zai fito mu yi magana? Ta ce ba ya fitowa, kuma baƙo ba ya shiga. Ta ce ba za ta iya rantse mini a kan komai ba. Na ji daɗin gaskiyarta, amma gaskiyar ba ta cika mini ciki ba. Na kwana da ayaba da dabino.

Rana ta biyu wani ɗan taro ya kwatanta mana gidan abincin Hausa. Da na ji sallama da amsawa, na ga tabarma da buta, sai na ji kamar na iso gida. Mai wurin wata Hajiya ce mai fara'a. Na bi a hankali, na tuna da matar Tafa, na fara da labarin ciwon kafin tambaya. Ta karanta takardar ta ce, "Allah sarki, ɗan'uwa. Zauna. Tuwon shinkafa za a kawo maka, miyar kuka kuma a kaɗa maka taka daban, ba mai, ba dunƙule, ba daddawa."

Aka kawo. Tuwo fari tas, sumul, yana sheƙi. Na wanke hannu, na yi bisimilla, na gutsuro, na dangwali miya. Loma ta kai daf da bakina sai hancina ya tsayar da hannuna. Shekara talatin ina niƙa alkama ina kai wa Habi, na san ƙanshin da garinta yake yi in ruwan zafi ya taɓa shi. Na ajiye lomar. Na sake gutsuro wani na ja shi tsakanin yatsu, ya miƙe kamar danƙo. Tuwon shinkafa ba ya haka, rabuwa yake.

"Ci mana, Fillo," in ji Alhaji Modu. "Ko kuma aljanu ka gani a ciki?"

Na ce a kira Hajiya. Ta ce wallahi shinkafa ce tsantsa. Na ce ban ƙaryata ta ba, amma a tambayi mai tuƙi. Wata tsohuwa ta fito tana goge hannu a zani, ta ce, "Shinkafa ce mana. Sai ɗan semo da ake ɗaurewa da shi don ya kamu. Ai semo ba alkama ba ne."

Na ce, "Iya, alkama ce. Ni nake noma ta."

Hajiya ta dafe ƙirji. Ita ma ba ta sani ba, ba yaudarata ta yi ba. Ta yi ta ba ni haƙuri har ni na koma ina ba ta. Ta ce a dafa mini wani, na ce a bari, don na ga muciya ɗaya ce, tukunya ɗaya. Muka fito. Kwana talatin da bakwai, saura kaɗan su tafi a loma ɗaya. Na tsaya a bakin titi na kira likita.

"Likita, ban ci ba, amma na taɓa da hannu, kuma na shaƙa."

Sai na ji yana dariya. "Malam Umaru, ka haɗiye?"

"A'a."

"To ka wanke hannu. Kwananka suna nan."

Rana ta uku na tashi da jiri. Ayaba ta fita raina, dabino ya ƙare. Bandar kifin nake tsakura ina ci da ruwa. Na fara tunanin ko in haƙura in ci shinkafar taro, in bar shukar bana. Bayan azahar na zame daga zauren, na bi wani lungu a bayan otal ina neman mai kankana. Lungun na makanikai ne, baƙin mai ko'ina. Ina cikin tafiya sai na ji wani sauti da ban ji ba tun da na baro gida. Dum, dum, dum. Taɓarya a turmi.

Na bi sautin. Wata rumfa ce ta kwano, benci uku, murhu a fili. Wata mata kakkaura, ta ɗaure kai da tawul, tana kirɓa doya. Na tsaya ina kallo. Ta ɗebo dafaffiyar doya daga tukunya, ta jefa a turmi, ta daka, ta yayyafa ruwa, ta daka. Ba ta ƙara komai ba. Na ƙara tsayawa don in tabbatar.

"Malam, kallo ka zo ko ci?" Da Hausa ta faɗa, Hausa mai kyau.

Sunanta Mama Terna, 'yar ƙabilar Tibi ce daga Binuwai, a Lafiya ta girma. Na fara kewaye-kewayen da na saba, ta katse ni. "Kawo takardar." Ta goge hannu ta karanta, ba ta ce me ya rage ba. Ta ce mijinta ya yi shekara takwas da ciwon suga da hawan jini kafin ya rasu, tukunya biyu take ɗorawa kullum. Sannan ta ce, "Zo ka gani da idonka, don na ga kai ba mai yarda ba ne."

Ta zaga da ni bayan murhu. Ta buɗe miyar da ke kan wuta ta ce wannan ba taka ba ce, akwai dunƙule, akwai agushi da aka niƙa a injin da ake niƙa gyaɗa. Ni ban ma taɓa tunanin injin niƙa ba. Ta ɗauko wata ƙaramar tukunya ta wanke a gabana sau biyu. Ta jera ɗanyar kuɓewa, albasa, attaruhu, gishiri. Na yi ƙarfin hali na ce ina da kifina a otal, ko zan iya kawowa? A garinmu ka kai wa mai abinci kayan miyarka ai zagi ne. Ita cewa ta yi, "Gudu ka ɗauko." Da na kawo ta karya ɗaya ta shinshina. "Wannan kifi ne. Na ina?" Na ce na kogin Haɗeja. Ta ce masu kawo mata suna cewa na Haɗeja ne, amma yau ta gane ƙarya suke.

Sai ta ɗauko galan na manja. Na ce a'a, ba na ci, ana zuba masa kala.

"Yana cikin takardar?"

"Babu."

"To wannan ƙanwata ce take matsowa a ƙauye. Ka dubi wuyanka kamar na zakara. Mutum ba ya rayuwa ba mai."

Na ce bari in kira likita. Ta riƙe ƙugu tana jirana. Likita ya ce manja ba laifi. Ta zuba cokali biyu.

A nan Alhaji Modu ya same ni, ya biyo sahuna yana zaton na faɗi a hanya. Ya tarar da ni a kan benci, hula a gwiwa, gumi yana zuba, ina kan malmala ta biyu.

"La ilaha illallahu! Fillo, kai ne da manja har gemu?"

Mama Terna ta juyo. "Bafillatani ne? Shi ya sa! Tun ɗazu nake cewa wannan tsoron na san shi." Ashe Tibi ma abokan wasan Fulani ne. Na ce ai kakanninta ne suka cinye mana shanu. Ta ce to yau na cinye mata doya, an yi kunnen doki. Suka haɗu su biyu a kaina, Babarbare da Batibiya, ban samu bakin ramawa ba, don bakina a cike yake.

Na koma otal ina sauraren cikina kamar mai jiran baƙo. Shiru. Da safe na duba wuyana a madubi, babu ko ƙurji ɗaya. Ranar ce na yi bayanin irin da ya makara a gaban taro, muryata ba ta yi rawa sosai ba.

Da azahar na koma rumfar, wannan karo da mutum biyar daga cikin 'yan taro. Ina zaune ina jiran miyata sai na ji Mama Terna ta yi wata ƙara da yarensu. Ta fito riƙe da ƙaramar tukunyar.

"Malam, na ɓata. Ina magana da mai kawo itace, hannuna ya murmushe dunƙule a cikin taka. Sabo ne. Sai ka jira a sake."

Na dubi miyar. Ba abin da ya nuna. Da ta yi shiru ta zuba mini, da na cinye na side kwano, bayan kwana biyu in ciwo ya tashi in rasa dalili. Ta juye wa Alhaji Modu, ta sake wanke tukunyar, ta sake yanka kuɓewa. Na jira kusan rabin awa, kuma ban taɓa jin daɗin jira kamar wannan ba.

Ranar komawa da sassafe ta dafa mini doya da kifi ta naɗe a ganye, ta cika mini gora da manja. Na ce in na yi girbi zan aiko mata da buhun alkama. Ta ce, "In yi me da ita? Aiko kifi." A Tafa da mota ta tsaya ban ko sauka ba, don kada mu haɗa ido da Iya mai tuwo.

Na iso Haɗeja a kwana na arba'in, kwanakina cif. Da na huta na ba Habi labari, na kai kan dunƙulen da Mama Terna ta murmushe, na ce ka ji mutane, ta yi kuskure ta faɗa ba kunya. Habi tana tsince shinkafa, ba ta ɗago ba.

"Ni ma sau biyu na yi," in ji ta.

Na ce, "Na ci?"

"Ka ci me? Yara na juye wa na sake ɗora wata. Ranar da ka yi ta faɗa wai tuwo ya makara, ka tuna?"

"To me ya sa ba ki gaya mini ba?"

"Malam, in gaya maka? Da har yau kana kiran likita."

Na tuna faɗan da na yi ranar, na ji kunya. Na miƙa mata gorar manjan.

Da arba'in da biyu suka cika, likita ya ce a fara da wanda ya fi damuna. Habi ta tuƙa tuwon alkama daga ragowar ta bara, da miyar kuka. Na zauna a gabansa ya fi minti goma. Ta ce, "In ba za ka ci ba a ba yara." Na ci. Kwana uku ina ci ina jira, ina duba wuya, ina taɓa ciki. Babu komai. Aka dawo da ƙwai, lafiya. Aka dawo da nono, lafiya, Alhaji Modu ya aiko a ce mini an mayar da ni cikin dangi. Ranar gyaɗa na ci ƙuli-ƙuli guda uku da hantsi. Kafin la'asar wuyana ya ɗauki ƙaiƙayi, ciki ya fara kuka. Ban taɓa murnar ƙaiƙayi ba sai ranar. Ina susa ina hamdala. A nan na tuna abin da muke ci a gona lokacin sussuka, safe da rana: garin kwaki da ƙuli.

Wake da dunƙule ma sun wuce lafiya daga baya. Yanzu takardar layi biyar a soke, ɗaya ya rage. Habi ta ce in jefar da ita, ban jefar ba. Kwalin kifin Mama Terna kuwa na ba wani direba, na kira shi sau huɗu a hanya, har ya ce in na ƙara kira zai cinye.

Mun yi shuka a kan lokaci. Mahaifina yana da wata al'ada, kafin a watsa iri sai ya ɗebi ƙwaya kaɗan ya tauna, ya ji ko ta bushe yadda ya kamata. Bara ban yi ba, tsoro ya hana ni. Bana da aka kwance bakin buhu, irin da na ajiye da hannuna wanda ba a sa wa magani ba, na sa hannu na ɗebo, na watsa a baki. Ta yi ƙaras a haƙori. Na haɗiye, na ce a fara.